Ranar da Malam Wa-ya-ce Ya Ce Bai Ji Ba

Ƙarfe shida da kwata yake fita daga gida, ko ana ruwa ko ana rana. A hammatarsa akwai wata tsohuwar jakar fata da zif ɗinta ya mutu tun ɗansa na fari yana firamare, shi kuma ya ƙi rabuwa da ita, ya ɗaure mata baki da igiyar takalmi. Cikinta littattafan rubutu ne na aji guda, da jan biro biyu, da guntayen alli a gwangwanin madara. Uwargida takan biyo shi har bakin ƙofa da filas ɗin shayi, ta taɓa kafaɗarsa ya juyo, ta ce kada ya manta da maganin hawan jini. Ya ce to. Sau da yawa maganin a aljihu yake wuni ya dawo gida.

Bas biyu yake hawa. Ta farko ba ta tashi sai ta cika maƙil, ta biyu kuwa in ta mutu a hawan gada fasinja ne ke sauka su tura, har da shi da furfurarsa. Daga inda ake sauke shi akwai sauran tafiyar minti goma a gefen kwata, wadda gwiwarsa ta hagu ta daina yi da son ranta tun shekara biyar da suka wuce. Mutum biyu kaɗai ke riga shi isa makaranta: maigadi, da tsohuwar da ke share azuzuwa, wadda malamai da ɗalibai duk suke kira Inna. Zai gaishe su, ya hau matakala ashirin da biyu zuwa ajin ƙarshe a saman bene, yana tsayawa a tsakiya kamar mai duba wani abu a jaka. Kafin yara su zo zai buɗe tagogi duka, ya ja teburinsa can jikin bango inda haske ba ya kaiwa, ya zauna yana mayar da numfashi.

Shekara talatin da biyar malamin Turancin nan ya yi yana wannan sintiri, kuma a watan nan ya ajiye alli. Ba a taɓa kiransa gidan rediyo ba, hotonsa ba ya rataye a ofishin kowa. Ko sunansa na gaskiya ba kowa ya riƙe ba, don tun da jimawa yara suka laƙaba masa Malam Wa-ya-ce, sunan ya bi shi ɗakin malamai, ya bi shi har kasuwa. Shi za mu jinjina wa yau, kuma za mu kiyaye kada mu yi masa ƙari, don ƙari ne abin da ya fi tsana.

A Turanci akwai wani darasi da kowane ɗalibi ke ratsawa, wato yadda za ka ɗauki maganar da wani ya faɗa ka isar da ita da bakinka. Sauran malamai a mako biyu suke gamawa da shi. Su cika allo da dokoki, cewa "ni" yana komawa "shi", "yau" ta koma "ranar nan", "gobe" ta koma "washegari", aikatau kuma ya ja da baya taku ɗaya, yara su kwafa, a wuce gaba. Shi kuwa shekara guda cur yake yi a kansa. Kowace Litinin sai yaro ya zo da magana ɗaya da aka faɗa a gidansu ko a layinsu, ya miƙe ya isar da ita cikin Turanci. Kafin ya fara sai ya faɗi wanda ya yi maganar, da a gaban wa, da kuma yaushe. In yaro ya kuskura ya ce "an ce", Malam zai cire tabarau ya ƙura masa ido.

"Wane ne An? Ɗan wane gida ne? Ka taɓa ganinsa da idonka? To zauna, sai ranar da ka nemo min shi."

Aji ya kwashe da dariya, shi ko murmushi ba ya yi. Yakan ce musu magana kaya ce aka ba ka ka kai wa wani. Kana iya sauya mata buhu, dole ma ka sauya, amma in ka ƙara ko tsinke a ciki ko ka zare, kai ɓarawo ne ko da Turancinka ya fi na masu shi.

Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ce rabin dokokin sun zube mata tun a ƙofar ɗakin jarrabawa, amma har yau in za ta miƙa aiki ga wadda za ta canje ta, ba ta iya haɗa abin da majinyaci ya ce da abin da 'yan uwansa suka ce ya ce a layi ɗaya. Hannunta ne ke ƙi. Wani bakanike kuma, wanda sau biyu yana faɗuwa Turanci a hannun Malam kuma ba ya jin kunyar faɗa, ya ce in direba ya kawo mota ya ce maigida ya ce a sauya kaza, ba ya ɗaukar sufana sai ya kira maigidan a waya. "Direbobi sun tsane ni," in ji shi, "amma ban taɓa cire abin da lafiyarsa ƙalau ba."

Wannan hali ne ya jawo masa wani kaya da kowa ke gudu. Duk zaman da aka yi a makarantar, na malamai ne ko na ladabtarwa, sai an rubuta rahotonsa da Turanci an aika wa hukumar makarantu, kuma a ƙasan takardar wanda ya rubuta zai sa hannu cewa yana wurin, ya ji da kunnensa. Shekara ashirin shi ne mai wannan rubutun, ba ƙarin girma, ba ko sannu da aiki. Yana kuma da wata ɗabi'a da ta ishi jama'a. In an tashi daga zama ba ya miƙa rahoto sai ya bi duk wanda ya yi magana da littafinsa, ya karanta masa abin da ya rubuta, ya ce, "Haka ka ce?" In ƙaramin ma'aikaci ne da ba ya jin Turanci, sai ya mayar masa da shi cikin harshensa. Akwai malaman da in suka hango shi tafe da littafin nan sai su tuna suna da aji.

Abin da ba wanda ya sani, ban da uwargida da wani likita, shi ne shekara uku kenan da kunnen Malam ya fara tafiya. Na dama ya mutu murus. Na hagu yana kama ƙara in ta yi ƙarfi, amma magana sai dai kamar ana yin ta a bayan bango. An ba shi na'urar nan da ake maƙalawa a kunne, ya gwada ta kwana biyu a gida, ya jefa ta a durowa, saboda ana hango ta daga nesa. Ya san dokar aikinsu sarai, shi da ya rubuta rahoton wasu a kanta: malamin da ba ya ji, cire shi ake yi daga aji a kai shi siton littattafai ya jira ranar ritaya. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa da yake so da gaske, ya ƙarasa shekarunsa a tsaye gaban allo, ya raka ajinsa na ƙarshe har ƙofar ɗakin jarrabawa.

Sai ya koma ji da ido. Abin da ya sa yake buɗe tagogi ya ja teburinsa cikin duhu kenan, don haske ya sauka a fuskokin yara ya ga leɓɓansu. Ya kafa doka cewa ba a magana a ajinsa sai a tsaye, kai a sama, hannu nesa da baki, wai Turanci ba ya son kunya. Yara suka ɗauka wani sabon tsanani ne da tsufa ya zo da shi. A ɗakin malamai in an yi masa magana ta baya bai juyo ba, wasu su ce girman kai ne, wasu su ce kunnen uwar shegu yake yi don kada a ba shi aikin wani. Ya bar su a haka. Bin mutane da littafi kuwa sai ya zama masa mafita, don abin da ya kuɓuce masa a wurin zama yakan tsinto shi a nan, fuska da fuska, kuma ba wanda ya yi mamaki tunda an saba.

Amma kallon baki hamsin da biyu daga safe har a tashi aiki ne da ke cin mutum. Yakan dawo gida ido jawur, wuya a sage, ya zube a kujerar falo ya rufe ido, abinci ya huce a gabansa. Wata rana uwargida ta jawo kujera ta zauna inda zai ga bakinta.

"Malam, wannan wahalar har yaushe? Ka faɗa musu mana. Sito ai ba kabari ba ne."

"Saura kaɗan."

"Bara ma haka ka ce min."

"Bara lallashinki na yi. Bana da gaske nake."

Ta yi tsaki, ya ga tsakin bai ji shi ba, ta ɗauki kwanon ta tafi ɗumamawa.

Saura wata huɗu jarrabawa, wata bakwai ritaya, sai ciwon ciki ya kwantar da yara goma sha a mako guda. Iyaye suka taru a ƙofa ana ta hayaniya, magana ta kai hukuma, hukuma ta ce a rubuto mata bayani. Cikin wannan ruɗanin labari ya iso teburin shugaban makaranta cewa Inna mai shara ce ta zuga iyaye, wai ta tsaya a ƙofa ta ce makaranta ta san ruwan tankinta ya lalace take ba yara. Shugaban ba mugu ba ne. Mutum ne da waya ta hana shi cin abinci kwana uku, yana neman sunan da zai sa a takarda wanda ba nasa ba. Aka kafa kwamiti na mutum biyar, har da Malam da littafinsa. Kowa ya san in rahoto ya ce ta amsa, aikinta na shekara goma sha tara ya ƙare, ga miji kwance a gida da shanyewar ɓarin jiki.

Bayan an tashi yara aka zauna a ɗakin malamai. Wani ya ja labule saboda rana. Aka shigo da Inna, ta ƙi kujera, ta ɗosana a gefen benci, ta sunkuyar da kai, ta jawo gefen mayafi ta rufe baki. Mataimakin shugaba ya karanta tuhumar da Turanci, ya fassara rabi a gurguje. Malam yana ganin kafaɗun tsohuwar suna motsi, yana ganin tana juya tafin hannu sama, ya san magana take yi, mai tsawo ma. Ko kalma ɗaya ba ta iso gare shi ba. Can sai ya ga mutum huɗu suna gyaɗa kai, aka nuna mata ƙofa ta fita.

Shugaba mutum ne mai buɗe baki in yana magana, don haka tasa Malam ya gan ta tsaf.

"Malam, rubuta cewa ta amsa laifinta. Ka sa hannu yanzu, masinjan hukuma yana waje, ƙarfe huɗu zai tafi da takardar."

Babu lokacin bin kowa da littafi kenan. Ya dubi takardar. Layi ɗaya ne tak. Manya huɗu sun ji, dukkansu masu kunne, kuma babu wanda ya taɓa kamawa da ƙarya a cikinsu. Gwiwa tana masa zugi, ga bas biyu a gabansa, kuma ya gaji irin gajiyar da barci ba ya wankewa. In ya rubuta layin nan, gobe zai hau bene kamar kullum.

"Me ta ce?" ya tambaya.

Malamin lissafi ya yi dariya. "Yau kuma? Ba a gabanka ta faɗa ba?"

"Ina so in ji a bakinku."

"Haƙuri ta yi ta bayarwa," in ji mataimaki. "Ya fi sau goma. A yi haƙuri, a rufa mata asiri."

"Ta ce ita ta faɗi maganar tankin?"

"Haba Malam. Wanda bai yi laifi ba, me zai sa ya ba da haƙuri?"

"A dawo da ita in tambaye ta."

Shugaba ya dubi agogo. "Ba za a dawo da ita ba, an gama. Kana zaune a nan kamar kowa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Yana iya cewa gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. Da an yi dariya, an ce tsufa ya zo, sannan a ce masa to mu mun ji, rubuta. Ya san haka zai ƙare. Ya rufe biro a hankali.

"Ban ji ba, yallaɓai. Kuma ba yau kaɗai ba. Shekara uku kenan ba na jin abin da ake faɗa a ɗakin nan, bakinku nake kallo. Nata a rufe yake. Takardar nan ta ce na ji da kunnena. Ko a dawo da ita ta faɗa inda zan gani, ko wani a cikinku ya karɓi biron ya rubuta wa hukuma, ya sa nasa hannun."

Ya tura biron tsakiyar tebur. Ba wanda ya miƙa hannu. Malamin lissafi ya ga wani abu a silin da ya ɗauke masa hankali. Rubuta wa hukuma shafi biyu na Turanci ba wasa ba ne, balle sa hannu a ƙasansa. Daga ƙarshe shugaba ya ce a kira ta.

Malam da kansa ya yaye labule, ya jawo benci jikin taga.

"Inna, don Allah ki ɗaga kai, ki sauke mayafin daga bakinki. Kunnena ya mutu, da ido nake ji."

Tsohuwar ta manta da inda take. "Wayyo Malam! Tun yaushe? Shi ya sa nake gaishe ka ta baya ba ka amsawa, na ce ko wani laifi na yi maka."

"Ba ki yi min komai ba. Ranar da iyaye suka taru, kin yi magana da wani a ƙofa?"

"Mace ɗaya, mai 'yar nan doguwa ta aji biyu. Ta ce Inna, ke da kike wuni a nan, ya aka yi cikinki bai taɓa ki ba? Na ce ni dai sai na tafasa ruwa nake sha, a nan da gida, tun da mijina ya kwanta na saba. Shi kenan, ta tafi."

"Kin ce makaranta ta san ruwan ya lalace?"

"Ni? Ina zan san abin da makaranta ta sani? Tsintsiya ce tawa."

"To me ya sa kike ta ba da haƙuri?"

"Malam, manya biyar sun bar aikinsu sun zauna saboda ni, ana ta Turanci. Me zan ce in ba haƙuri ba? Wallahi sai yanzu ma na san abin da aka ce na ce."

Ɗakin ya yi tsit, ko da yake ga Malam dama tsit yake. Ya juya ga mataimaki ya tambaye shi a bakin wa ya ji maganar. A bakin mai sayar wa yara abinci. Ita kuma? Da aka kira ta, ta ce wani direban da ke kawo yara ne ya faɗa mata, shi kuma bai sake zuwa ba tun ranar. Masinja ya tafi hannu rabbana. Washegari aka nemo uwar yarinyar, ta maimaita abin da Inna ta faɗa kusan kalma da kalma. Malam ya rubuta rahoto, ya karanta wa kowa nasa, ya sa hannu, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa marubucin bai ji da kunne ba, gani ya yi da ido. Inna ta ci gaba da shara. Mako guda bayan haka aka wanke tanki, ba tare da kowa ya ce don me ba.

Kai ne, Malam, wanda aka buɗe wa ƙofar fita ka ƙi bi. Babu wanda zai kama ka, ita kanta tsohuwar ba za ta taɓa sanin abin da Turancin ya ce a kanta ba. Mai jan biro, kai ka fi kowa sanin inda layin nan na ƙarshe zai kai ka, kuma da hannunka ka rubuta shi.

Bayan mako biyu takardar cire shi daga aji ta zo. Shugaba da kansa ya kai masa, bai aiko kowa ba.

"Malam, ka san ba ni da yadda zan yi."

"Na sani, yallaɓai. Ni na rubuta ta wasu."

Aka ba wani sabon malami ajin, matashi mai ƙoƙari da ya zo a farkon shekarar. Malam ya sauko sito, wani ɗaki a ƙarƙashin matakala mai taga ɗaya da warin tsohuwar takarda, inda ya yi kusan wata bakwai yana liƙa bangon littattafai da gam. In yara suna hawa bene da safe, ba ya jinsu, amma yana jin rawar matakalar a jikin bangon da yake jingina da shi. Wasu iyaye sun fusata da suka ji kurma ya koyar da 'ya'yansu shekara uku, kuma ba za mu ce ba su da gaskiya ba. Shi ma bai ce ba. Ya faɗa wa uwargida cewa akwai amsoshin da ya gyaɗa wa kai alhali bai kama su ba, akwai yaran baya da ya daina tambaya don bakinsu ya yi masa nisa, kuma wannan yana damunsa fiye da siton. Ranar jarrabawa bai fito ba. Ya rufe ƙofa ya wuni a kan littafi ɗaya.

Inna kuwa ta mayar da siton wurin da take fara sharewa. In ta gama sai ta zauna a kan kwali ta yi ta ba shi labarin mijinta da ciwon bayanta da tsadar magani, ta juya masa baya tana kakkaɓe kantar littattafai, ta san sarai ba ya ji. Shi kuma ya ci gaba da shafa gam.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi masa taron sallama a babban ɗakin makaranta. Aka zaunar da shi a gaba, uwargida a gefensa. Mutum bakwai suka yi jawabi, duk da Turanci, kuma kowannensu ya manna makirufo a bakinsa, ya rufe leɓɓansa ruf. Awa biyu Malam yana zaune yana murmushi, bai san ko yabonsa ake yi ko zaginsa ba. Uwargida ba ta jin Turanci, balle ta taimaka. Aka ba shi kyauta a kwali mai kintinkiri, ya buɗe, rediyo ce, irin wadda ake ba duk mai ritaya a makarantar tun kafin a haifi rabin malaman. Ya miƙe ya yi godiya da hannu biyu.

Daf da tashi shugaba ya zaro wata takarda da ta iso a safiyar. Sakamakon jarrabawa ne. Ya karanta na Turanci, ɗaki ya ɗauki ihu, ya kira sunan malamin ajin, wato matashin nan, ya ce ya miƙe a gan shi. Matashin ya miƙe kansa a ƙasa. Malam ya ga hannuwa suna tafi, ya ga yaron kirki a tsaye, sai ya ajiye rediyo a cinya ya shiga tafi, har ya fi kowa daɗewa. Bai san abin da ake yi wa tafin ba, kuma a cikin rububin fita ba wanda ya tsaya gabansa ya faɗa masa.

Ku da kuke rubuta rahoto a ofisoshi da asibitoci da makarantu, ku da ake aika da saƙo tsakanin babba da ƙarami, ba mu ce ku kai inda ya kai ba, don ba kowa zai iya ba. Amma in aka miƙo muku biro aka ce ku rubuta cewa wance ta ce, ku tashi ku je ku dubi fuskar wance tukuna. Tafiyar ba ta wuce taku ashirin, kuma wani lokaci abincin gida guda ne a ƙarshenta.

Kai kuma Malam, tunda baki ya gaza isa gare ka, ga shi a rubuce. Matashin ne ya zo da ƙafarsa ya roƙa a sa wannan, ya ce kunya ta hana shi zuwa gidanka. Ya ce shi ko wata huɗu bai cika da yaran ba, kuma bai same su da abin da zai koya musu ba sai bita. Cikin hamsin da biyu, arba'in da bakwai sun ci Turanci, har da uku daga cikin na bayan nan da kake damuwa da su. Makarantar ba ta taɓa ganin irin haka ba. Ba ka raka su ƙofar ɗakin jarrabawa ba, amma naka ne suka shiga da shi. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwa lafiya. Tafin nan da ka yi ranar Alhamis, kanka ka yi wa.